Kofin Afirka sau goma, amma set ɗaya ya gagara a Paris

Duk sanda aka tashi daga Olamfik sai maganar nan ta dawo, wai me ya kai tim ɗin mata ta Kenya gasar ƙwallon raga alhali kowa ya san duka za su je su sha su dawo, wai kuɗin jirgi da otal da alawus ai gara a ƙara wa 'yan gudu tunda su ne ke kawo zinare. Wasu ma har cewa suke gurbin da ake ware wa Afirka asara ne, a miƙa shi ga wata ƙasar Turai da za ta iya taɓuka abin kirki. To ni dai ban yarda ba, kuma ba tausayi ne ya sa ba, lissafin ne nake ganin an yi shi a baibai.

Amma fa masu wannan magana ba ƙarya suke ba ta fuskar sakamako, wannan kam dole a faɗa. Malkia Strikers, wato tim ɗin matan Kenya, sun je Olamfik sau huɗu, Sydney 2000, Athens 2004, Tokyo da aka yi a 2021, sai Paris 2024, kuma ba su taɓa cin wasa ko ɗaya ba. A Tokyo wasa biyar suka buga, duka 3-0 aka yi musu, wato ko set (zagayen wasa) ɗaya ba su ci ba. A Paris aka haɗa su rukuni ɗaya da Brazil da Poland da Japan, nan ma ko set ɗaya bai shigo hannu ba. Kuma ba su kaɗai ba ne, Aljeriya ta wakilci nahiyar a 2008 da 2012, Kamaru ta je Rio a 2016, duk labarin ɗaya ne, mafi kusa shi ne Kamaru da ta ja Ajantina har set na biyar kafin ta faɗi. Har yau ba wata tim ɗin mata daga Afirka da ta taɓa cin wasan ƙwallon raga na cikin ɗaki a Olamfik. Ga shi kuma Kenyar nan ita ce ta ci kofin Afirka sau goma, na baya a cikinsu a Yaoundé a 2023 inda ta doke Masar a fainal. Wato gwanar gwanayenmu kenan ake yi wa haka.

Tambayar ita ce me ya sa. Nan ne nake rabuwa da masu cewa a daina zuwa.

Wanda bai saba kallon wasan ba zai ɗauka tsawo da ƙarfin duka ne komai, ya ga raga mai tsayin mita 2.24, ya ga mace ta tashi sama ta sauke ƙwallo kamar tsawa, shikenan ya ce ai 'yan wasanmu ba su kai ba. Wallahi ba nan matsalar take ba. Matan Kenya akwai tsalle, akwai hannu, duk wanda ya ga Sharon Chepchumba ko Mercy Moim suna duka ya san ba wasa. Inda ake kashe su tun kafin a zo duka ne, wajen karɓar sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi. Taɓawa uku kawai aka ba kowane ɓangare, ta farko karɓa, ta biyu ɗagawa, ta uku duka. In karɓar ta yi kyau ƙwallon ta sauka daidai kan mai ɗagawa kusa da raga, to tana da zaɓi uku ko huɗu, za ta iya ba ta tsakiya da sauri, ta iya jefawa gefe, ta iya mayarwa baya, masu tarewa na can ɓangaren ba su san ina za su tsaya ba. Amma in karɓar ta karkace, ƙwallon ta yi nesa da raga, zaɓi ɗaya ya rage, a ɗaga ta sama can gefe, kuma kafin ta sauko mutum biyu dogaye sun riga sun je sun kafa katanga suna jira. Komai ƙarfinki a nan sai dai ki daki hannun mutane ko ki buga waje. Haka maki ke zubewa, huɗu biyar a jere daga sabis ɗin mutum ɗaya, kafin ka ankara an kai 25, makin cin set, kana 13.

To karɓar sabis irin na 'yan Brazil ko Poland ba a koyonta a atisaye da abokan tim ɗinka. Ido ne da ƙafa suke sabawa da saurin, kuma ba sa sabawa sai an yi ta jefo maka irin ƙwallon, wata bayan wata, shekara bayan shekara. Abin da tim ɗin Afirka ba ta samu kenan.

Duba yadda kalandar take. Tun 2018 akwai gasar da ake kira Nations League, VNL, ta hukumar ƙwallon raga ta duniya FIVB, duk shekara ake yi, da ƙasashe 16 aka fara, a 2025 aka ƙara suka zama 18. A tsarin yanzu kowace tim tana buga wasa 12 a zagayen farko kaɗai kafin a zo maganar kwata fainal, kuma duka da manyan duniya. Ba wata tim ɗin mata ta Afirka da ta taɓa shiga. Ke nan 'yar wasan Poland ko Japan a shekara huɗu tsakanin Olamfik da Olamfik ta tara wasanni kusan hamsin da manya a wannan gasar kawai, ban da lig ɗin kulob ɗinta, ita kuwa 'yar Kenya manyan wasanninta na wannan tsakanin za ka iya ƙirga su da yatsu, sauran duk da maƙwabta ne da take lallasawa ba tare da ta yi gumi ba. Sai a haɗa su rana ɗaya a fili ɗaya a ce wai a ga wa ya fi. Haba jama'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da can akwai tsani, cire shi aka yi. Kafin VNL akwai World Grand Prix da aka fara tun 1993, a shekarunta na ƙarshe an raba ta rukuni uku, manya a na ɗaya, matsakaita a na biyu, masu tasowa a na uku, in ka ci naka ka hau na sama. A 2015 Kenya ta ci rukuni na uku, a Canberra ta Ostireliya ta doke Peru a fainal, Perun da ta taɓa cin azurfa a Olamfik ɗin Seoul a 1988. Shekara ta gaba ta hau rukuni na biyu, ta sha wuya mana, amma irin wuyar da ake so kenan, wasa da wanda ya ɗan fi ka ba wanda ya ninka ka goma ba. Ana gama ta 2017 aka rufe gasar gaba ɗaya. Abin da aka kawo a madadin ƙananan rukunan shi ne Challenger Cup, wadda daga baya ta koma sili ɗaya ƙwale, tim takwas, aka ci ka ka tattara kayanka. Kenya ta je Faransa a 2023, ta je Manila a 2024, kowanne wasa ɗaya ta buga aka yi waje da ita. Ka ɗauki mutum kusan ashirin ka ƙetara teku da su saboda wasan awa ɗaya da rabi. Yanzu ita ma Challenger ɗin an soke, hanyar shiga VNL ta koma ta jadawalin matsayi na duniya, wanda ya fi kowa maki a cikin waɗanda ke waje shi zai maye gurbin wanda ya zo na ƙarshe. Makin kuma ta ina ake samu? Ta cin manyan tim a manyan gasa. Manyan gasar kuma ba ka ciki. Ka gane inda aka kulle ƙofar ko?

Shi ya sa in na ji an ce a karɓe gurbin Afirka a Olamfik nake cewa wato ɗan abin da ya rage ɗin ma a ɗauke. Tim 12 ne kawai ke zuwa, na sani, kuma na san akwai ƙasar da ta fi Kenya ƙarfi nesa ba kusa ba da ta zauna a gida lokacin Paris, wannan da ciwo a wajensu ba musu. Amma in za a bi ƙarfi zalla ai ba sai an kira abin gasar duniya ba, a ce gasar Turai da Brazil da Amurka da China da Japan kawai a huta.

Akwai masu cewa jinin ne, wai wasan ba namu ba ne. Wannan ko amsa bai cancanta ba amma bari in ɗan taɓa. Wadda aka zaɓa gwarzuwar 'yar wasa a Paris, Paola Egonu, iyayenta 'yan Najeriya ne, a Cittadella ta Italiya aka haife ta a 1998. A tim ɗinta ta Italiya da ta ci zinaren akwai Myriam Sylla 'yar mutanen Kodibuwa, akwai Loveth Omoruyi ita ma iyayenta 'yan Najeriya. A tim ɗin Amurka da ta ci zinare a Tokyo akwai Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu, sunayen kaɗai sun ishe ka. Bambancin Egonu da wata doguwar yarinya a Kakamega ta Kenya ba a jiki yake ba. Ita Egonu tana 'yar shekara goma sha kaɗan aka ɗauke ta zuwa Club Italia, wata makaranta ce ta hukumar ƙwallon ragar Italiya da aka kafa a 1998 bisa shawarar koci Julio Velasco, ana tara yara mata masu tsawo da baiwa a zaunar da su wuri ɗaya, ga karatu ga atisaye, sannan a jefa su cikin lig su yi ta karawa da manyan mata. Velascon nan dai shi ne ya dawo bayan shekara ashirin da wani abu ya ja tim ɗin ta ci zinare a 2024, suka kuma ɗauki kofin duniya a Thailand a 2025. Ya shuka, ya yi tafiyarsa, ya dawo ya girbe. (Ita kuma Egonu duk da haka ba ta tsira daga masu tambayar ko ita 'yar Italiya ce ta gaske ba, har hotonta da aka zana a bango a Rome bayan zinaren sai da wani ya je ya shafe fatar da fenti ruwan hoda. Wannan wani zancen ne daban.)

Yanzu kar wani ya ɗauka na ɗora wa FIVB komai na wanke hukumomin gida. Ina! Su ma nasu laifin ya kai ya kawo, ta wani ɓangaren ma ya fi. Ita FIVB ɗin ko ba komai ta tura wa Kenya koci ɗan Brazil, Luizomar de Moura, da mataimakansa kafin Tokyo, an kuma kai tim ɗin Kenya ƙasar Brazil ta yi zaman atisaye kafin gasar duniya ta 2022, kuma an ga bambanci a yadda suke tsayuwa a fili. Amma irin wannan taimakon na ɗan lokaci ne, in ya ƙare sai a koma gidan jiya, a kira 'yan wasa sansani saura 'yan makonni, a yi ta faɗi-tashin neman ɗakin atisaye da kuɗin tikiti, har a lokacin gasar duniya ta 2025 sai da 'yan wasan suka fito fili suna ƙorafin alawus. Bahaushe ya gama magana da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma duk da wannan rikicin, a gasar nan, a Phuket ta Thailand, sun ci Vietnam 3-0, sun ƙwaci set ɗaya a hannun Poland ɗin da ta yi musu 3-0 a Paris shekara ɗaya kafin nan. Ka ce da an ba su abin da ya kamata fa?

Kuma in ana maganar talauci ne, ai ba duka ƙasashen da suka yi nisa a wasan nan ne masu kuɗi ba. Jamhuriyar Dominika mutanenta ba su fi miliyan 11 da ɗoriya ba, Kenya ta ninka ta sama da sau huɗu. Amma sun zauna sun yi shiri na dogon zango, wani ɗan kasuwa Cristóbal Marte ya riƙe aikin shekara da shekaru, suka ɗauko koci ɗan Brazil Marcos Kwiek tun 2008 suka bar shi yana aikinsa ba a canja shi duk sanda aka faɗi wasa, ana bin gari-gari ana neman yara dogaye. Ga su nan a VNL duk shekara, sun je kwata fainal a Olamfik. Thailand kuma su ba su da tsawon ma sam, amma suka tara wasu yara tun suna ƙanana ƙarƙashin koci Kiattipong, irin su Nootsara Tomkom da Pleumjit Thinkaow, suka yi sama da shekara goma tare har kowace ta san numfashin 'yar uwarta, da sauri da dabara suka ci kofin Asiya a 2009 da 2013 a gaban China da Japan. Ba su taɓa zuwa Olamfik ba fa, don nahiyarsu da wuya, amma ba mai raina su, kuma filin wasa cika yake in suna bugawa.

Turkiyya ce misalin da kuɗi ya yi aiki, amma ka lura ta inda kuɗin ya bi. Ba tim ɗin ƙasa aka fara zuba wa ba, kulob-kulob ne, VakıfBank na banki, Eczacıbaşı na kamfani, Fenerbahçe, suka riƙa sayo manyan 'yan wasan duniya suna haɗa su da 'yan gida, suna da makarantun yara. Sai ya zama 'yar Turkiyya ba sai ta jira gasar duniya ba kafin ta ga sabis mai zafi, duk sati tana gani a lig. Ƙasar da sai 2012 ta fara zuwa Olamfik, a 2023 ta ci VNL ta ci kofin Turai a shekara ɗaya. Ita ma Japan da ta ci zinaren farko na Olamfik a 1964 kusan duk 'yan wasanta ma'aikatan masaƙa ɗaya ne, Nichibo, su tashi daga aiki su shiga atisaye da koci Daimatsu har dare.

To a nan ne nake ganin Kenya tana da abin da mutane ba sa lura da shi, don ginshiƙin yana nan. Manyan kulob ɗinta na ma'aikatu ne, Kenya Pipeline, Kenya Prisons, bankin KCB, suna ba 'yar wasa aiki da albashi, kuma sun sha cin kofin kulob na Afirka. A ƙasa kuma akwai makarantun sakandare irin su Lugulu da Kwanthanze da suka daɗe suna fitar da 'yan wasa. Wannan ne ya sa suka fi kowa a nahiyar, ba wani sihiri ba. Matsalar ita ce lig ɗin kulob uku ko huɗu ne masu ƙarfi, sauran cika lissafi ne, kuma wasanni da yawa a ƙananan matakai a waje ake yi a kan ƙasa, iska na kaɗa ƙwallo, ba a kan daɓen da za ka iya faɗuwa ka zame ka ceto ƙwallo ba. Yarinyar da ta girma tana tsoron faɗuwa don kar gwiwa ta ɓare, ba rana ɗaya za ta zama libero, wato gwanar ceto ƙwallo a baya, irin ta Japan ba.

Wata hanyar ita ce a bar 'yan wasa su fita waje, a ma taimaka musu su fita. Kamaru da ta ƙwace kofin Afirka sau uku a jere, 2017 da 2019 da 2021, da yawan 'yan wasanta a Faransa suke bugawa, Laetitia Moma kuma ta je Koriya ta Kudu ta yi suna. Sai dai a yi hattara da darasin Kuba. Ƙasar da ta ci zinare uku a jere, 1992 da 1996 da 2000, da su Mireya Luis da Regla Torres, tun 2008 ba ta sake leƙa Olamfik ba, saboda ta daɗe tana ɗaure 'yan wasanta, su kuma suka riƙa tafiya ba dawowa. Melissa Vargas da ta ɗauko wa Turkiyya kofunan 2023 haifaffiyar Kuba ce, ta ma taɓa buga wa Kuba tana yarinya. In ka hana mutum fita zai fita da ƙafarsa kuma ya sa rigar wasu, in ka sake shi da mutunci kana biyan haƙƙinsa in ya zo, zai dawo maka da abin da ya koyo.

Game da masu cewa a ba 'yan gudu kuɗin, ni ina ganin ba kishiyoyi ba ne. Ɗan gudu mutum ɗaya ne da takalminsa da hanya, kuma manyansu kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu. Ƙwallon raga kuwa ita ce wasan tim da 'yan mata suka fi samun shiga a makarantu da yawa, fili mita 18 da 9 ne kawai, raga ɗaya ƙwallo ɗaya, ba gogayyar jiki, mutum goma sha biyu sun samu abin yi. Yarinyar da ta ga 'yar wasan Kenya Janet Wanja a talabijin tana ɗaga ƙwallo a Athens ita ce ta zo ta cika tim ɗin bayanta. Wanja ta rasu a Disamban 2024 tana da shekara 40, kuma har Paris tana cikin masu horar da tim ɗin. Ka cire fitar nan waje, ka cire abin da yaran ke hange.

Abin da zan so a riƙa tambayar shugabannin hukuma, ta Kenya ce ko ta Kamaru ko ta Masar ko duk wadda ta ci nahiyar, ba wai me ya sa aka ci ku 3-0 ba, wannan kowa ya san amsarsa. A tambaye su wasa nawa tim ɗin ta buga a bara da ƙasashen da ke cikin ashirin na farko a duniya, kwana nawa ta yi a sansani a shekarar da ba gasa, 'yan wasa nawa ne ke lig ɗin waje, kocin shekararsa nawa a kan aiki. Ita kuma FIVB a tambaye ta yaushe za ta dawo da gasar rukuni na biyu mai zagaye da yawa, inda Kenya za ta haɗu da irin su Ajantina da Puerto Rico da Kazakhstan da Vietnam sau takwas ko goma a shekara. Gasar duniya yanzu ta koma duk shekara biyu da tim 32, Afirka ta samu gurbi uku a 2025, Kenya da Masar da Kamaru, wannan ci gaba ne ba laifi, amma in a rukuni aka fitar da kai wasa uku ne kacal a shekara biyu. Tsarin Olamfik ɗin Los Angeles 2028 kuma ya ba zakaran kowace nahiya tikiti tun daga gasar nahiyar ta 2026, wato akwai kusan shekara biyu tsakanin samun tikiti da ranar wasan farko, ba mai cewa lokaci ya ƙure masa. Ni kalandar 2027 ta tim ɗin da ke da tikitin Afirka nake so a buga a nuna wa jama'a, da sunayen ƙasashen da za a kara da su da ranakun, da kuma wanda ya sa hannu zai biya kuɗin jirgin.